Ɓarawon Da Bai Haura Katanga Ba: Hukuncin Kutse Cikin Kwamfuta



Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata tambaya da wani ɗalibina ya yi mini bayan mun tashi daga karatun nahawu. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun karanta a fiƙihu cewa ba a tsai da haddin sata sai in ɓarawo ya fitar da dukiya daga ma'ajiyarta. To, mutumin da yake zaune cikin ɗakinsa, bai haura katangar kowa ba, bai ɓalle kwaɗo ba, ya dai taɓa kwamfuta kuɗin wani suka dawo wurinsa, shin shi ma ɓarawo ne a shari'a?" Na ce masa wannan tambaya ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin ƙofa, domin kuwa malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci yadda abin yake. Saboda haka bari mu fara da labarin wata sata ta irin wannan, wadda ta auku da gaske, a wata ƙasa ta Musulmi.

Ƙasar Bangaladash, kamar sauran ƙasashe da yawa, tana ajiye wani kaso na kuɗinta a Babban Bankin Amurka da ke birnin Niyok. In za a biya wani daga cikin wannan ajiya, ba a aika manzo da takarda. Akan aika umurni ne ta wata hanyar sadarwa ta bankunan duniya mai suna SWIFT, wadda hedkwatarta take ƙasar Beljiyam. Duk saƙon da ya fito daga kwamfutar banki ta wannan hanya, da lambobin sirrinsa daidai, ana ɗaukarsa tamkar wasiƙa mai hatimin sarki.

Daren Alhamis, 4 ga watan Fabrairu na shekarar 2016, bayan ma'aikata sun tashi a birnin Daka, sai umurni 35 suka isa Niyok da sunan Babban Bankin Bangaladash, ana neman a fitar da dala miliyan 951. Ba ma'aikatan bankin ba ne suka aiko. Waɗansu mutane ne da suka daɗe da kutsawa cikin kwamfutocin bankin suka yi laƙwas a ciki, suna kallon yadda ake aiki har suka iya. Binciken da Amurka ta yi daga baya ya nuna cewa tun cikin 2015 suka fara aika wa ma'aikatan wasiƙu ta intanet da siffar mai neman aiki, wanda duk ya buɗe takardar da aka haɗo da wasiƙar, ya buɗe musu ƙofa ke nan bai sani ba.

Ku dubi yadda suka zaɓi lokaci. Ranar Juma'a hutu ce a Bangaladash. Asabar da Lahadi hutu ne a Niyok. Litinin kuwa, 8 ga wata, hutun sabuwar shekarar Sinawa ne a ƙasar Filifin, inda suka nufa da kuɗin. Har ila yau sun lalata aikin na'urar da take buga shaidar kowane ciniki a kan takarda, saboda haka ma'aikacin da ya leƙo ran Juma'a ya ga na'ura ta ƙi aiki, ya ɗauka irin lalacewar da aka saba ce. Sai ran Asabar aka samu ta buga, aka ga tambayoyin da Niyok ta yi ta aikowa, a lokacin kuwa can sun rufe ofis.

Umurni 5 ne suka wuce, na dala miliyan 101. Daga ciki miliyan 20 aka nufa da su ƙasar Siri Lanka da sunan wata gidauniya, amma ɓarayin suka yi kuskure wajen rubuta kalmar Turanci mai ma'anar gidauniya, wani banki da kuɗin suka bi ta hannunsa ya tsaya yin tambaya, aka mayar da su. Mu malaman Larabci da kullum muke faɗa da yara a kan ɗigo da wasali, ga shi kuskuren rubutu ya tsare dala miliyan 20. Sauran umurni 30 kuma aka dakatar da su don a ƙara bincike. Amma miliyan 81 sun shiga waɗansu asusu huɗu na sunayen ƙarya a wani reshen bankin RCBC da ke Manila, daga nan aka bi da mafi yawansu ta gidajen caca suka ɓace. Abin da aka iya mayarwa cikin wannan shekara bai wuce wajen miliyan 15 ba. Gwamnan Babban Bankin, Atiur Rahman, ya ajiye aiki cikin watan Maris. Hukumar Filifin ta ci bankin RCBC tarar peso biliyan 1, kotu kuma ta sami manajar reshen da laifi a 2019. A 2018 Amurka ta tuhumi wani mutumin Koriya ta Arewa, Park Jin Hyok, da hannu cikin wannan aiki, ko da yake ƙasarsa ta musanta.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Ramon Abbas, ɗan Nijeriyan nan da aka fi sani da Hushpuppi, wanda aka kama a Dubai cikin watan Yuni na 2020, kotun Amurka kuma ta ɗaure shi wata 135 a watan Nuwamba na 2022, cikin abubuwan da aka lissafa masa har da taimakawa wajen ɓatar da sawun kuɗin da aka sace ta irin wannan hanya daga wani banki a ƙasar Malta a 2019. Da ɗan gari akan ci gari.

To, kayan aikin ne sababbi, amma ainihin laifin tsoho ne. Masana tarihi sun ruwaito cewa Halifa Mu'awiya ya rubuta wa gwamnansa na Iraƙi, watau Ziyadu, ya ba Amru ɗan Zubairu dirhami 100,000, ya kuma ba shi wasiƙar ya kai da kansa. A hanya Amru ya buɗe ta ya mai da adadin 200,000. Sa'ad da Ziyadu ya kawo lissafi sai Mu'awiya ya ga abin da bai rubuta ba. Aka tsare Amru har ɗan'uwansa Abdullahi ya biya, sa'an nan Mu'awiya ya kafa ofishi na musamman da ake kira Diwanul Hatimi, inda ake ajiye kwafin kowace wasiƙa, a ɗaure ta, a buga mata hatimi kafin ta fita. Tun kafin wannan, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi masa zobe na azurfa don hatimce wasiƙu, sa'ad da aka gaya masa sarakuna ba su karanta wasiƙar da ba ta da hatimi. Lambar sirrin da ke hannunka yau, ita ce wannan hatimi. Wanda ya mallake ta ya mallaki bakinka, ya yi magana da sunanka.

Yanzu sai mu koma ga tambayar ɗalibina. Abu na farko da babu saɓani a kansa shi ne haramci. Allah Maɗaukakin Sarki ya hana cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna a aya ta 188 ta Suratul Baƙara da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, bai kuwa ware hanya ɗaya ya bar wata ba. Abin da ke buƙatar nazari shi ne sunan da za a ba laifin, domin shari'a ta rarrabe tsakanin ɓarawo, da mai fizge, da mai ƙwace, da maha'inci, da ɗan fashi, kowa da hukuncinsa.

Sharuɗɗan haddin sata a mazhabarmu ta Malikiyya sanannu ne: a ɗauki dukiyar wani a ɓoye, ta kai nisabi, watau rubu'in dinari na zinariya ko dirhami uku na azurfa, a kuma fitar da ita daga ma'ajiya, wadda ake kira hirzi da Larabci. A nan ne fa malamanmu na da suka yi mana gata, domin ba su ce hirzi shi ne ɗaki ko akwati ba. Sun ce shi ne duk wurin da in mutum ya ajiye kayansa a ciki, jama'a ba za su ce ya tozarta su ba. Watau al'ada ce ke bayyana shi. Garke hirzi ne ga dabba, rumbu hirzi ne ga hatsi, aljihu hirzi ne ga abin da ke cikinsa. A yau kuwa babu mai hankalin da zai ce wanda ya sa kuɗinsa a asusun banki, ya kulle da lambar sirri, ya yi sakaci da su. Bisa wannan ne malamai da yawa na wannan zamani suka tafi a kan cewa asusun da aka kulle hirzi ne, wanda ya fasa shi a ɓoye ya kwashe kuɗi ɓarawo ne cikakke. Waɗansu kuma suna ganin wahalar tabbatar da wanda ya yi aikin da hannunsa shubuha ce da ke kau da haddi, sai a koma ga horon da alƙali ya ga ya dace, watau ta'aziri. Ni dai a nawa ɗan karatun ra'ayin farko ya fi ƙarfi wajen ba laifin suna, na biyu kuma gaskiya ne wajen zartarwa, gama haddi ba ya tsayawa kan zato. Ko ta yaya, wannan aikin alƙali ne da hukuma, ba na mutanen unguwa ba.

Amma wanda ya buga maka waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, ya yi ta lallashinka har ka karanta masa lambar da aka aiko maka da bakinka, wannan hukuncinsa dabam ne. Bai fasa ma'ajiya ba, kai ka miƙa masa mabuɗi. Hadisin Jabir da Tirmizi da Abu Dawuda suka ruwaito ya nuna ba a yanke hannun maha'inci da mai fizge. Kada wani ya ji haka ya ce sauƙi ya samu: zunubin yana nan, biyan dukiyar wajibi ne, alƙali kuma yana da ikon tsananta horo gwargwadon ɓarnar. Har ma Shehu Halilu a Muhtasar ya lissafa cikin 'yan fashi mutumin da yake shayar da mutane abin gusar da hankali don ya kwashe kayansu, da mai yaudarar yaro ko waninsa don ya karɓe abin da ke hannunsa. Ashe ke nan fashi a wurin malamanmu bai tsaya ga takobi da tare hanya ba.

Wannan ya kawo mu ga masu kulle kwamfutocin jama'a su ce sai an biya fansa. Cikin watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna WannaCry ta bazu a ƙasashe wajen 150, ta shiga asibitocin Ingila, har aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000. Wanda ya tsai da aikin asibiti don neman kuɗi, ba dukiya kaɗai ya taɓa ba, ya taɓa rayuka, ya kuma tsoratar da jama'a. Lalle wannan ya fi kusa da ɓarna a bayan ƙasa wadda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kanta.

Akwai wata hujja da nakan ji a bakin samari masu damfara ta intanet da masu kare su, wai ai dukiyar Turawa ce, su ma sun kwashi tamu zamanin mulkin mallaka. Wannan magana ba ta da ƙafa ko ɗaya a addini. Da fari dai, kuɗin Bangaladash na talakawan Musulmi ne, masu ɗinkin tufafi da masu aikin ƙarfi a ƙasashen waje. Sa'an nan ko da na wanda ba Musulmi ba ne, Alƙur'ani a aya ta 75 ta Suratu Ali Imrana ya zargi waɗansu mutane daidai a kan wannan, watau ganin cewa babu laifi a ci amanar wanda ba nasu ba. Mugira ɗan Shu'uba, kafin ya musulunta, ya yi tafiya da waɗansu mushirikai, ya yaudare su ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sa'an nan ya zo Madina. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah ya karɓi musuluncinsa amma ya nisanta kansa daga dukiyar. A daren Hijira kuwa, mutanen da suka kewaye gidansa da takubba, ajiyar danginsu tana cikin gidan, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa kowa da kayansa. In akwai ranar da za a ce dukiyar abokin gaba ta halatta ta hanyar cin amana, ai wannan ce, amma ba a taɓa ko dirhami ba.

Wanda kuma ya ba da aron asusunsa a zuba kuɗin da ya san na sata ne don a ba shi kaso, da wanda ya buɗe asusu da sunan ƙarya, duk sun shiga cikin taimakekeniya a kan zunubi da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana. Ba don asusu huɗun nan na Manila ba, da ɓarayin ba su sami inda za su sauke kaya ba. Ina kuma jin kunyar faɗa, amma dole in faɗa: malamin da yake karɓar kuɗin irin waɗannan yara ya yi musu addu'ar sa'a, shi ma ya san matsayinsa.

Ba kowane kutse ne don kuɗi ba. Wani sirri yake nema, ya karanta wasiƙun mutane, ya kwashi hotunansu. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani sai da izini. Sahalu ɗan Sa'adu ya ba da labarin wani mutum da ya leƙa ta wata kafa cikin ɗakin Annabi, a lokacin yana riƙe da wani tsinke da yake sosa kansa da shi. Da ya gane, sai ya nuna masa cewa da ya san yana leƙe da ya tsokane masa ido, ya kuma bayyana cewa saboda kallo ne aka shar'anta neman izini. Ku lura da wannan dalili. Ba shigar ƙafa ce abin gudu ba, ganin abin da mai gida ba ya so a gani ne. Wayar hannun mutum a yau ta fi ɗakin kwanansa tara asirinsa, saboda haka hukuncin ya hau kanta ba tare da wani dogon ƙiyasi ba. Akwai wani hadisi da ake yawan kawowa game da duba wasiƙar ɗan'uwa ba da izininsa ba, amma Abu Dawuda da ya ruwaito shi ya raunana hanyoyinsa, ba ma kuwa buƙatarsa tun da ga ingantattu. Wannan ya haɗa da mai gyaran waya da yake buɗe hotunan matan mutane, da miji ko mata masu binciken wayar juna cikin dare a kan zato kawai. Hukuma kaɗai aka ba dama, ita ma sai da dalili tabbatacce, kamar yadda aka aiki Aliyu da Zubairu da Miƙdadu suka karɓo wasiƙar Haɗibu ɗan Abu Balta'a daga hannun matar da za ta kai wa Ƙuraishawa asirin rundunar Musulmi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda aka ba ajiya, a fiƙihu, ba ya biya in ta salwanta ba da laifinsa ba, amma in ya yi sakaci ya biya. Banki, da asibiti, da makaranta, da mai rajistar layin waya, da yaron da ke cire wa mutane kuɗi a bakin kasuwa, duk masu riƙon ajiya ne, ko ta kuɗi ko ta bayanan mutane, aya ta 58 ta Suratun Nisa'i kuwa ta wajabta mayar da amana ga masu ita. Ma'aikacin da ya sayar da sunaye da lambobin jama'a maha'inci ne, wanda ya rubuta kalmar sirrin ofis ya manna a jikin tebur kuma mai sakaci ne. Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan, domin Nijeriya ta yi dokar laifuffukan intanet a 2015, ta kuma yi dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Kai ma mai dukiya akwai naka. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun. Wani abokin aikina, malami mai hankali, albashinsa na wata guda ya tafi cikin minti kaɗan, don wani mai daɗin baki ya kira shi da cikakken sunansa ya ce za a rufe asusunsa in bai faɗi lambar da aka aiko masa ba. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Kada ka mai da shekarar haihuwarka lambar sirri, kada ka yi amfani da kalma ɗaya a ko'ina, kada ka buɗe abin da baƙo ya aiko maka, kada kuma ka ba kowa katinka da lambarsa tare, ko da kunya ta kama ka.

Ɗalibin nawa ya ƙara tambaya, ko koyon wannan ilmi haramun ne. Na ce masa a'a. Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa da umurnin Annabi, don kada wasiƙunsa su dogara ga wanda ba a amince da shi ba. Littafi mafi daɗewa da aka sani a duniya wanda ya bayyana yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙidayar haruffa, Alkindi ne ya rubuta shi a Bagadaza cikin ƙarni na 9 na Miladiyya. Ya lura cewa a kowane harshe waɗansu haruffa sun fi waɗansu yawan zuwa, kamar alif da lam a Larabci, saboda haka in ka ƙirga alamar da ta fi yawa cikin rubutun da aka ɓoye, ka kama bakin zaren. An sami kwafin littafin a wani ɗakin karatu na Santambul, aka buga shi a Dimashƙa a 1987. Al'ummar da kuɗinta da asibitocinta suka koma cikin kwamfuta, wajibi ne a sami waɗanda suka ƙware wajen tsaronsu, in babu kowa duka an yi laifi. Sharaɗin dai shi ne izini: wanda banki ya ɗauka ya gwada ƙarfin ƙofofinsa ma'aikaci ne mai cin halal, wanda ya gwada ba a sa shi ba kuwa ya shiga gidan mutane ba sallama, ko bai ɗauki kome ba.

Saura mas'alar wanda ya riga ya faɗa cikin wannan aiki yana son ya tuba. Nadama da istigfari ba su isa ba a haƙƙin bayi, sai an mayar da dukiya ga mai ita, ko ga magadansa in ya mutu, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Ba dole ne ya bayyana kansa ba, yana iya mayarwa ta hannun wani amintacce. In ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai gane masu ita ba, abin da yakan faru ga wanda ya damfari mutane da yawa a ƙasashe dabam dabam, malamai sun ce ya fitar da ita duka ga matalauta ko ayyukan amfanin jama'a da niyyar masu ita, ba da niyyar neman lada ga kansa ba, in kuma mai ita ya bayyana daga baya bai yarda da sadakar ba, biya yana nan a wuyansa. Abin da ya riga ya ci kuwa bashi ne, ya rubuta adadinsa, ya riƙa biya gwargwadon samunsa. Allah shi ne mafi sani.